Jirgin da Ya Ƙi Kore

A shekarar da yaƙi ya yi tsanani tsakanin Ingila da Jamus, Sajan Cronin ya gangaro kwatar Kilcrone yana tura kekensa, da gwangwanayen fenti rataye a hannun keken. Kore, fari, da ruwan lemo. Ya jera su a kan akwatin kifi, ya cire hula ya share goshi ko da yake sanyi ake yi, sannan ya faɗa wa masunta saƙon da ya zo daga Dublin: duk jirgin da zai bar gaɓa sai an zana masa tutar ƙasa a rufin ɗakin tuƙi, ƙatuwa, yadda mai shawagi a sama zai gani ya san ba ruwan Ireland da faɗansu.

Ƙasar tamu a lokacin tatata take koyo. Ba ta daɗe da raba gari da Ingila ba, ba ta da jiragen yaƙin da za a kira jirage ba tare da an yi murmushi ba, makaminta ɗaya bakinta, ta kuwa buɗe shi ta ce ba ta bayan kowa. Ingila ta ji haushi, Jamus ta yi shiru irin na wanda bai gama shawara ba. Manyan Dublin suna zaman 'yan ba-ruwanmu a kan kujera kusa da murhu, mutanen bakin teku kuwa su aka bar wa yin sa a ƙarƙashin jiragen sama masu bindiga, garkuwarsu fenti.

Florry Driscoll yana tsaye bayan mahaifinsa lokacin da Sajan yake bayani, tun kafin a kai ƙarshe ya san za a yi ta. Shekararsa arba'in da wani abu, yana da mata da 'ya'ya, amma a cikin jirgin Gobnait har yanzu yaro ne, don jirgin na tsohon ne, kuma tsoho Batt bai taɓa yin magana biyu a kansa ba.

"Sajan," in ji Batt, yana nuna gwangwanin farko da bakin lofensa, "matsar da wancan daga kusa da jirgina."

"Haba Batt! Kai da ka sha zaman kurkuku saboda tutar nan?"

"Na sha, in an sake ma zan koma. Tana can tana kaɗawa a kan gidana, je ka gani da idonka. Ran da na mutu ku naɗe ni da ita ku kai ni makabarta a kan tudu. Amma kore a kan ruwa? Kakana bai yi ba, ubana bai yi ba, ba kuma wani mai farar kwala da bai taɓa amai a teku ba zai sa ni."

Babu wanda ya yi dariya, don duk wanda ke tsaye a kwatar nan da abin da Batt ya faɗa aka yaye shi. Kore launin ƙasa ne, launin ciyawar da ke tsirowa a kan kabari, kuma launin mutanen ɓoye ne, su kuwa ba sa son a ara musu kaya. Jirgin da ya sa kore ƙasa yake nema, zai kuwa same ta, ko a kan duwatsun gaɓa ko a can ƙarƙashi. A Kilcrone mace ba ta saƙa wa mijinta safa da koren zare, ko ganyen kabeji ya maƙale a kwandon abinci sai an cire shi kafin a kwance igiya.

Aka yi cirko-cirko. Daga nan Mossie Lowney, ƙanen matar Florry, wanda ya fi kowa ƙuruciya a cikin masu jirage, ya tofar da yawu ya ɗauki gwangwanin.

"Ni dai mutanen ɓoye ban taɓa ganin sun huda jirgi ba," in ji shi. "Bajamushe kuwa na ji labarinsa."

Ya shafa. Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, kowa fuska a murtuke, da aka gama suka kira Fada, limamin cocinsu, ya yayyafa wa rufin ruwa mai tsarki, wasu har sau biyu. Gobnait kaɗai ya rage.

Florry ne ya nemo abin da ya ɗauka mafita ce. Ya shafa fari a tsakiyar rufin, ya shafa ruwan lemo a gefe ɗaya, ɗaya gefen ya bar shi da launin da jirgin yake da shi tun fil azal, wato shuɗi, launin Maryamu. Batt ya leƙa ya ce wannan bai ɓata wa kowa rai ba. Sajan ya leƙa ya sosa ƙeya, ya ce in an tambaye shi zai ce koren ne ya ƙare, ya hau kekensa. Thady ne kawai bai ji daɗi ba. Shi ɗan ƙanwar Batt ne, na uku a jirgin, ya yi shekaru a manyan jiragen dakon kaya kafin ya dawo gida da ɗingishi, ya san tutocin duniya.

"Kawu, ka san abin da muka zama?" ya tambaya. "Daga sama ruwan lemo da ja duk ɗaya ne. Shuɗi, fari, ja. Ka zaɓa, ko Faransa ko Holan. Wanda duk ka zaɓa, jiragensu suna can tare da na Ingila, Bajamushe kuma yana da harsashinsu a ajiye."

"Yo kai da ka zaga duniya me ka dawo da shi ban da gurguwar ƙafa da surutu?" in ji Batt. "In ya sauko ya tambaye ni zan gaya masa ko ni wane ne."

"Ai ba ya tambaya, Kawu."

"To ba ya da tarbiyya."

Maganar Thady ta shiga kunnen Florry ta ƙi fita. Ba a jima ba wani jirgin masunta daga gabas ya shigo Kilcrone neman likita, aka taru ana kallon ramukan da ke jere a jikin katakonsa, a miƙe kamar ɗinkin keke. Mutanen jirgin suka ce tutar tasu ce ta koɗe, gishiri ya cinye ta, ba su sami fentin sabuntawa ba. Florry ya sa yatsa cikin rami ɗaya, yatsan ya shige har ƙarshe. Daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi.

Matarsa Hanora ba ta cikin masu yawan magana, amma idonta bai bar komai ba. Wata ranar Lahadi da yamma, tsohon ya tafi duba tarunsa, ta kira Florry ɗaki ta janyo wani abu daga ƙarƙashin katifa. Mayafin gadon da yayarta ta aiko mata daga Boston ne, kore shar, wanda ba a shimfiɗa shi sai ran baƙi. Ta yanka shi, ta kalmashe bakinsa, ta ɗinka igiya a kowace kusurwa.

"Ka sa shi a jaka," ta ce. "In kun ji ƙarar jirgin sama ka hau ka rufe shuɗin da shi. In ya wuce ka naɗe."

Florry ya ja da baya kamar ta miƙo masa garwashi. "Kin san abin da kike cewa kuwa? In shiga da wannan cikin Gobnait?"

"Na sani. Ni ma a garin nan aka haife ni."

"In Baba ya gani..."

"In Baba ya gani ya zage ka. Zagi ba ya huda ƙirji, Florry. Ni ba zan tsaya a kwata ina jiran a sauko min da kai a cikin taru ba saboda taurin kan tsoho. Ga 'ya'yanka can, je ka kalle su sannan ka dawo ka ce min a'a."

Bai ce a'a ba. Ya tura mayafin can ƙasan jakarsa, ya ɗora rigar ruwa da burodi a kai.

Washegari da sassafe suka kwance igiya. Gaba kura baya sayaki, haka Florry ya taka cikin jirgin: in ya bar mayafin a gida yana tsoron jirgin sama, da ya shigo da shi kuma sai ya ji kamar ya ɗauko gawa a kafaɗa. Shi da yake ganin kansa ya waye, mai sauraron rediyo, mai gyaran inji, sai ga shi yana yin alamar gicciye a ɓoye yana roƙon teku ta yi haƙuri. Ya sauka ƙasa ya cusa jakar bayan akwatin kayan gyara. Da ya hauro, mahaifinsa yana riƙe da sitiyari, bai dube shi ba, bai kuma yi masa faɗan da ya saba yi kowace safiya a kan yadda ya naɗe igiya ba. Wannan shirun ya fi faɗan tayar masa da hankali.

Suka wuce duwatsun bakin mashiga, suka yi kudu. Hazon teku ya sauko ya lulluɓe su har ba ka ganin goshin jirgin daga ɗakin tuƙi. Suka zuba taru. Ba a daɗe ba ya sarƙe da wani abu a ƙasa, jirgin ya karkata, igiya ta yi ƙara kamar za ta tsinke. A wurin nan Batt ya yi shekara hamsin yana jan taru bai taɓa kama ko dutse ba. Da ƙyar suka ƙwato shi, a yage, ba kifi ko na rantsuwa, sai rigar ceto guda ɗaya irin ta ma'aikatan manyan jirage, igiyoyinta a ɗaure tsaf kamar mai ita yana ciki, amma babu kowa.

"Wani jirgin ne suka nutsar a nan," in ji Thady a hankali. "Allah ya ji ƙan na ciki."

Batt ya cire hula ya mayar. Florry ya san bayanin Thady gaskiya ne, yaƙi ya cika ƙasan tekun da ƙarafa. Amma sani daban, abin da ciki yake faɗa daban, cikinsa kuwa yana ta nanata masa cewa jakar ce.

Daga nan teku ta fara kumbura. Babu iska, ganyen taba ma da ka saki a tsaye zai faɗi, amma igiyoyin ruwa suka riƙa tasowa daga cikin hazon, manya, baƙaƙe, ba kumfa ba ƙara. Inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Jirgin da ba inji juya gefe yake yi ya ba ruwa haƙarƙarinsa, haka Gobnait ya yi. Wata igiyar ruwa ta haye ta share Thady daga ƙafafunsa, ta kai shi bakin jirgi, rabin jikinsa ya fita waje kafin Batt ya cafko bel ɗinsa. Tsohon ya juyo, ruwa na zuba daga gemunsa.

"Me kake kallo? Sauka ka tayar min da injin nan!"

Florry ya sauka. Ya kwance bututun mai ya hura, ya goge, ya mayar, ya juya hannun inji har kafaɗarsa ta yi zafi. Shiru. Ya sake. Shiru. Duk lokacin da jirgin ya karkata sai jakar ta zamo daga bayan akwati ta taɓa masa ƙafa, ya ture ta, ta dawo. Yana jin ruwa yana dukan katako daidai kunnensa. Ya tuna kakansa da aka ce bai taɓa bari ko koriyar kwalba ta shiga jirginsa ba, ya mutu a gadonsa da tsufa. Ya tuna fuskar Thady da take rataye a kan ruwa ɗazu. Tsoro ya gama cinye shi, irin tsoron da ba ya barin mutum ya yi lissafi, ya ce a ransa jirgin sama dai wataƙila ya zo wataƙila kada ya zo, amma teku ga ta nan ta riga ta zo.

Ya zaro mayafin, ya naɗe wani guntun ƙarfe a ciki, ya ɗaure da igiyoyin da Hanora ta ɗinka. Ya leƙa sama. Su biyun suna can goshin jirgi suna kokawa da yagaggen taru, sun ba shi baya. Ya miƙa hannu ta bayan jirgi ya saki. Koren ya ɗan yi haske a cikin ruwa, ya dushe, ya tafi.

Ya koma ya juya hannun inji sau ɗaya, inji ya kama.

Har ƙwalla sai da ta zo masa don sauƙin da ya ji. Kafin a sha shayi tekun ta fara kwanciya, hazon ya yi sirara, ya yage, rana ta fito fes. Sama ta wanku tas, ba gajimare ko ɗaya, ana hango duwatsun gida can nesa kamar zane. Thady ya zuba musu shayi a kofunan ƙarfe yana tsokanar kawunsa cewa ashe tsoho yana da sauran ƙarfi. Florry ya ci burodinsa da man shanu, karo na farko cikin kwanaki da ya ji ɗanɗanon abu. Bai tuna ba cewa hazon nan da yake tsine wa shi ne ya ɓoye su tun safe.

Thady ne ya fara ji. Ya ɗaga kofi zai kai baki sai ya tsaya, ya karkata kai. Sannan Florry ya ji shi ma, wani gurnani can ƙasa-ƙasa daga kudu, yana zuwa yana ɗaukewa. Suka ga ɗigo a sama. Ɗigon ya yi fukafukai, fukafukan suka yi injuna huɗu.

"Ba na Ingila ba ne," in ji Thady. Muryarsa ta zama ta wani. "Ya Maryamu, ba na Ingila ba ne."

Jirgin ya wuce ta gefensu, ƙasa sosai, har suka ga baƙin gicciyen Jamus a jikinsa da kan mutum a bayan gilashi yana kallonsu. Inuwarsa ta share su. Ya yi gaba, ya kwanta a kan fiffike ɗaya, ya fara zagayowa a hankali, kamar mai duba kaya a kasuwa.

Batt ya fito daga ɗakin tuƙi. Bai yi ihu ba.

"Florry. Ɗauko mayafin matarka."

Florry ya tsaya kamar an dasa shi.

"Kana tsammani makaho ne ni? Gida ɗaya muke kwana. Na ga zaren a ƙasa, na ga jakarka ta yi ciki da safe. Da na so hanawa da tun a kwata na hana. Ni dai ba zan shafa da hannuna ba, ban kuma ce wani ya mutu saboda ni ba. Yi maza, yana bayan akwatin kaya ko? Thady, kama masa ku hau."

Thady har ya ɗora gurguwar ƙafarsa a kan matakala. Sai Florry ya buɗe baki.

"Ba ya nan, Baba."

"Kamar yaya ba ya nan?"

"Na jefa shi. Ɗazu, da injin ya ƙi tashi."

Tsohon ya dube shi. Da zagi ne da Florry ya iya ɗauka, ya saba. Amma babu fushi a fuskar, sai wani abu kamar tausayi, kamar na mutumin da ya ga tambarin gidansu a jikin abin da ya yi ɓarna.

"Kai ɗan nan," ya ce. "Ashe ka ji magana."

Gurnanin ya ƙaru. Jirgin ya gama zagayensa ya miƙo kansu sosai, daga wajen rana. Thady ya fizge farar rigarsa yana kaɗawa yana ihu da sunan ƙasar, kamar akwai mai ji. Florry ya waiga ko'ina yana neman kore, ko tsumma, ko kwalba, ko zare, a cikin jirgin da aka yi shekara hamsin ana tsare shi daga kore. Babu. Batt ya ture su duka biyu ƙasa bayan injin jan taru, shi kuwa ya kama matakala ya hau rufin. Ya kwanta rub da ciki a kan shuɗin, ya baza hannuwa da ƙafafu da baƙar rigarsa, yana ƙoƙarin rufe shi da jikinsa, ko na sama zai ga fari da ruwan lemo kawai ya yi shakka. Tsoho ne ƙanƙani, shuɗin ya fi shi faɗi ta kowane gefe.

Ƙarar bindigar ba ta daɗe ba. Ruwa ya yi tsalle a jere, katako ya tarwatse, gilashin ɗakin tuƙi ya zube. Inuwar ta sake share su, gurnanin ya yi kudu yana raguwa har ya ɓace. Bai ma ga sun isa ya dawo karo na biyu ba.

Suka sauko da Batt. Harsashi biyu ne, ɗaya a cinya ɗaya a baya. Florry ya rungume kan tsohon a cinya, Thady ya juya jirgi ya nufi gida da duk ƙarfin da injin yake da shi, injin kuwa bai sake ko tari ba. Tsohon ya yi magana sau ɗaya, ya tambaya ko an huda jirgin a ƙasan ruwa. Aka ce masa a'a. Ya ce to madalla. Kafin su kai duwatsun mashiga ya cika.

Mutane sun ji ƙarar daga tudu, kwata ta cika maƙil. Hanora tana gaba, ta ga mijinta a tsaye da ransa, ta ga abin da ke kwance an rufe da rigar ruwa, sai ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka.

"Ni na kashe shi! Wayyo Allah, ni na kashe Baba! Ni na sa kore a jirginsa, ni na ɗinka da hannuna na ba Florry!"

Florry ya ga maganar tana tafiya daga fuska zuwa fuska. Ya so ya ce wani abu, amma ga gawar uba a hannu, ga mata tana faɗuwa, ga Fada yana ture mutane yana zuwa. Ya bari sai an natsu.

Washegari wani hafsan soja ya zo daga Cork da mota, ya auna ramukan, ya tambayi Thady alamar da ya gani a jikin jirgin. Thady ya faɗa masa dalla-dalla. Hafsan ya gyaɗa kai, ya dubi rufin da shuɗinsa da jininsa, ya ce gaskiya da wuya gwamnati ta iya ɗaga murya a kan wannan, tunda tutar ba ta cika ba. Jarida ta ba abin layi uku, ta ce wani jirgin sama da ba a san ko na wa ba ne. Ƙasar da ba ta bayan kowa ba ta faɗin sunan wanda ya kashe mata mutum.

An naɗe Batt da tutar da ke kan gidansa aka kai shi tudu. Kwana biyu gidan yana cike da masu zaman makoki, ana shan shayi ana ba da labarinsa, kuma duk labarin da aka ɗauko sai ya ƙare a wuri ɗaya: shekara hamsin mutumin nan yana fita yana dawowa ko ƙwarzane babu, ranar farko da kore ya shiga jirginsa aka sauko da shi a kwance.

Safiyar da jirage za su koma aiki, Florry yana zaune a bakin gado sai ya ji wani sauti yana tasowa daga kwata. Ƙarar-ƙarar, ƙarar-ƙarar, daga wurare da yawa lokaci ɗaya. Ya san sautin, ƙarfe ne a kan katako. Ya fita da gudu ko takalmi bai ɗaura ba.

Kowane rufi da mutum a kai, a durƙushe, yana kankarewa. Garin koren fenti yana zuba cikin ruwa yana yawo. Mossie ya riga ya ci rabin nasa.

"Mossie, tsaya! Ku tsaya, don Allah ku saurare ni!" Suka ɗago. "Babu kore a jirgin lokacin da aka harbe mu. Na jefa shi a teku tun kafin jirgin saman ya zo. Da yana nan da Baba yana raye. Shi da bakinsa ya ce in ɗauko, ku tambayi Thady. Rashinsa ne ya kashe shi, ba shi ba!"

Thady ya ce haka aka yi, ya rantse. Wani dattijo daga jirgin ƙarshe ya kaɗa kai.

"Ya dai shiga, ko bai shiga ba?"

"Ya shiga, amma..."

"Tun safe har rana ta take yana ciki. Taru ya yage, inji ya mutu, saura ƙiris teku ta tafi da Thady. Ka jefar, suka karɓa, suka biyo bashin sauran. Ai ba a yi musu wayo, ɗana."

"Ba mutanen ɓoye ba ne, mutum ne da bindiga! Na ga kansa a bayan gilashi! Launi yake dubawa!"

"Wa ya nuna masa hanya a duk faɗin tekun nan?" in ji dattijon, ya koma kan aikinsa.

Florry ya kama gefen jirgin surukinsa. "Mossie, kai fa ka fara shafawa. Kai ka ce ba ka taɓa ganin sun huda jirgi ba."

Mossie bai iya haɗa ido da shi ba. Idanunsa sun yi ja, da gani bai yi barci ba. "Na faɗa. Yanzu na gani. Yi haƙuri, Yaya Florry, ka je gida wajen Hanora. Baƙin ciki ne yake sa ka magana."

Ya sunkuya ya ci gaba da kankara. Florry ya bi jiragen ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, har muryarsa ta dushe, kowa yana ba shi haƙuri da ladabi irin wanda ake yi wa maraya. Aka ta da injuna, aka kwance igiyoyi. Ya tsaya a ƙarshen kwata yana kallonsu suna fita a jere, kowanne da fari da ruwan lemo da tsiraicin katako a rufinsa. Ya ɗaga kai yana neman gajimare ko guda ɗaya. Ranar ma garau take.